Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Bangaskiyar Kirista da Kimiyyar Zamani

Duk lokacin da aka tayar da zancen dangantakar addinin Kirista da kimiyyar zamani, sunan da yakan fara zuwa bakin mutane shi ne na Galileo. A shekarar 1633 ne kotun Ikkilisiyar Katolika da ke birnin Rum ta tilasta wa wannan masani ɗan ƙasar Italiya ya janye ra'ayinsa na cewa duniya ce ke kewaya rana, aka kuma tsare shi a gida har ya rasu a 1642. Malaman coci sun kafa hujja da zahirin wasu ayoyi, kamar labarin tsayawar rana da ke cikin Littafin Joshuwa, suka yanke hukunci a kan al'amarin da lissafi da madubin hangen nesa ne ya kamata su yanke. Sai a 1992, watau bayan shekara 359, Fafaroma John Paul na Biyu ya fito fili ya amsa cewa malaman wancan zamani sun yi kuskure. Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita.

Darasin wannan labari a fili yake. Sai dai akwai wani haɗari na biyu wanda ba a cika kula da shi ba, domin shi da fuskar abota yakan zo. Shi ne mai bi ya ga kimiyya ta gano wani abu da ya yi kama da abin da littafinsa ya faɗa, sai ya yi wuf ya ɗauka, ya ce ga hujjar bangaskiyarsa ta samu. Tambayar da muke son dubawa ke nan: shin ya dace Kirista ya jingina bangaskiyarsa a kan binciken kimiyya, ko da binciken ya zo daidai da son ransa? Muna ganin babu wanda rayuwarsa ta haska wannan tambaya kamar Georges Lemaître.

An haifi Lemaître a ƙasar Beljiyam a 1894. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka naɗa shi fada na Katolika a 1923, ya kuma zurfafa a ilmin lissafi da na taurari a Ingila da Amurka kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Louvain. A 1927 ya buga wata maƙala inda ya nuna, bisa lissafin Einstein, cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, gungun taurari kuma nisantar juna suke yi. Einstein kansa ya yarda da lissafin amma ya ƙi ra'ayin. Bayan shekara biyu awon da Edwin Hubble ya yi a Amurka ya ƙarfafa maganar. A 1931 Lemaître ya ƙara taku ɗaya: in har sararin faɗaɗa yake yi, to idan aka bi sawu baya za a tarar da lokacin da kome yake dunƙule wuri guda, abin da ya kira ƙwayar zarra ta farko. Wannan shi ne tushen ra'in da ake kira Gagarumar Fashewa a yau.

Da yake mai ra'in fada ne, wasu masana sun yi zargin Littafin Farawa ne ya shigo da shi ta bayan gida. Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 1951, Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya yi jawabi ga majalisar masana kimiyya ta fadarsa, inda ya nuna cewa kimiyyar zamani ta zama kamar shaida ga lokacin halitta. Mai karatu zai zaci Lemaître zai yi murna, tun da shugaban cocinsa ne ya ɗaga aikinsa. Amma abin bai yi masa daɗi ba. Masana tarihi sun ruwaito cewa ya yi ƙoƙari a ja hankalin Fafaroma, kuma da Fafaroman ya yi jawabi ga taron masana taurari na duniya a Rum a 1952, bai sake haɗa ra'in da halitta ba.

Me ya sa fada zai hana a yi wa addininsa ado da abin da shi da kansa ya gano? Muna iya kawo dalili biyu. Na farko, ra'in kimiyya abu ne da kullum ke jiran gyara. A 1951 ra'in Lemaître bai zauna da gindinsa ba. Fred Hoyle da abokansa sun fito da kishiyarsa a 1948, mai cewa sararin samaniya ba shi da farko, kuma awon da ake da shi a lokacin yana ba sararin shekarun da ba su kai na duniyarmu ba, kamar a ce ɗa ya girmi uwarsa. Sai a 1965, da Penzias da Wilson suka ba da labarin gano ragowar ɗumin farko da ya cika sarari, rinjaye ya tabbata. Da ra'in Hoyle ne ya yi nasara, ina makomar wanda ya ɗora bangaskiyarsa a kan jawabin 1951? Kayan aro ba ya rufe katara, domin mai kaya yana iya zuwa ya karɓe abinsa a tsakiyar taro.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Mafari daban, halitta daban. Kimiyya tana iya bin sawun al'amura baya, ta ce mana yau kimanin shekara biliyan 13.8 ke nan da sararin ya fara faɗaɗa daga wani hali na tsananin zafi da cunkoso. Amma tambayar me ya sa akwai wani abu maimakon babu, ba ta shiga ma'auni. Tun a ƙarni na 13 Thomas Aquinas ya koyar da cewa hankali kaɗai ba zai iya tabbatar da cewa duniya tana da farko ba, kuma ko da ba ta da shi, samuwarta tana rataye ne ga Mahalicci. Saboda haka ne Lemaître ya bayyana a wani taron masana a 1958 cewa ra'insa bai tilasta wa kowa kome ba: wanda bai yarda da Allah ba yana da damar riƙe ra'ayinsa, mai bi kuma ba a ba shi damar mai da Allah wani abu da ake tararwa a ƙarshen lissafi ba.

Wani zai ce wannan gudun faɗa ne kawai, an ce hanyar jirgi daban ta mota daban don kowa ya huta. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka, domin hanyoyin sukan gitta. Bangaskiyar Kirista tana tsaye ne a kan abin da ta ce ya auku a tarihi, watau tashin Almasihu daga matattu, kuma kimiyya ba ta san gawa tana tashi ba. Haka nan maganar asalin ɗan Adam: tun da Darwin ya buga littafinsa a 1859 ake ja-in-ja, kuma ko da yake John Paul na Biyu ya ce a 1996 ra'in juyin halittu ya wuce hasashe kawai, ikkilisiyoyi da yawa har yau ba su karɓe shi ba. Ba mu ce an kashe wannan wuta ba. Abin da muka ce shi ne, akwai ladabin da ya wajaba a kan kowa. Mai bi ya kira abin da ya gaskata bangaskiya, kada ya yi masa rigar gwaji. Masanin kimiyya kuma ya faɗi abin da awonsa ya nuna, kada ya wuce nan ya ce awon ya kore Allah, domin a nan ya bar ɗakin gwaji ya hau mumbari.

Wannan batu ya shafi ɗalibin da ke karanta Littafin Farawa ranar Lahadi, ya shiga ajin fiziks ranar Litinin, wanda wasu ke ce masa dole ya zaɓi ɗaya, wasu kuma ke ruɗinsa da cewa kowane sabon bincike tuni yana cikin aya. Duka biyun suna cutar da shi: na farko ya raba shi da ilmi ko da addini, na biyu ya bar bangaskiyarsa tana rawa duk ranar da aka gyara littafin aji. Mabiya sauran addinai ma ba su tsira daga wannan jarrabawa ba, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Lemaître ya rasu a watan Yuni na 1966, jim kaɗan bayan labarin binciken Penzias da Wilson ya iske shi yana jinya. A 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a a haɗa sunansa da na Hubble a kan dokar faɗaɗar sarari. Ya yi shekara 43 yana fada, yana kuma masanin kimiyya, bai taɓa neman ɗayan ayyukan ya tsaya wa ɗayan shaida ba.