Mulki a Kan Kifin da Ba Ya Kuka

In ka taɓa zama a falon otal ko ɗakin jira na wani asibitin kuɗi a nan Kaduna, wataƙila ka ga akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye masu launi suna kai da komo tsakanin duwatsu da ganyaye. Yara sukan manna hanci a jikin gilashin, manya kuma su tambayi kuɗinsa. Ina so mu tsaya a gaban wannan akwati da wata tambaya dabam: wanda duniyar wani gaba ɗaya take a hannunsa, wane hakki ne ke wuyansa?

Mu 'yan Fentikos muna son kalmar nan mulki. Muna roƙonsa a addu'ar dare, muna furta shi a kan kasuwancinmu da gidajenmu, kuma ba laifi. Amma ka buɗe Farawa 1:26 da 28 ka duba jerin abubuwan da aka sa a ƙarƙashin mutum. Kifi ne na farko, kafin tsuntsu, kafin dabba. Halitta ce da ba ta kuka, ba ta ƙara, ba ta biyo ka gida kamar akuya ta tuna maka cewa ba ta ci ba. In kana so ka san irin mai mulkin da mutum yake, ba shi kifi.

Ga yadda ake haɗa irin wannan akwati. Matsakaici yakan kai santimita 60 a tsawo, ya ci ruwa kusan jarka biyu da rabi. Tun yana busasshe ake fara aiki. A zuba ƙasa da wankakken yashi, a tudunta baya ya fi gaba. A jera duwatsu, uku ko biyar, babban ya ɗan kauce wa tsakiya. Kowane dutse sai an ɗiga masa ruwan lemun tsami, in ya yi kumfa a ajiye shi gefe, domin zai canza ruwan. Itace kuma sai an jiƙa shi kwanaki har ya daina tasowa. Daga nan a dasa tsiro, dogaye a baya, gajeru a gaba, a bar lungu da inuwa inda kifi mai tsoro zai ɓuya. Sa'an nan a tsiyaya ruwa a hankali a kan faranti don kada ya tone shukar. Wani Bajapane mai ɗaukar hoto, Takashi Amano, shi ya ɗaukaka wannan sana'a a duniya. Ya shiga dazuzzukan Amazon da Borneo da Afirka ta Yamma yana kallon yadda ruwa da dutse da itace suke zama tare, ya dawo yana kwaikwayonsu cikin gilashi. A 2015, shekarar da ya rasu, aka buɗe babban aikinsa a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, tanki mai tsawon mita 40 da ruwa lita 160,000.

To, an dasa, an cika ruwa, ruwan ya kwanta garau. Sai a sa kifi? A'a. A nan ne mafi yawan mutane suke kashe nasu.

Kifi yana fitar da wani abu daga jikinsa da ake kira amoniya, guba ce gare shi. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A cikin gilashi ba ta da inda za ta je. Abin da ke cetonsa wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin yashi da soson matatar ruwa. Wasu suna mai da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mai da wannan ta zama naitiret, wadda tsiro yake sha kamar taki. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su ɗauki nauyin kifi, sai an yi mako huɗu zuwa shida. Duk tsawon wannan lokaci akwatin yana zaune ba kifi, baƙi suna tambaya ina kifin, mai gida yana jin kamar ya yi asarar kuɗi. In ya kasa haƙuri ya sayo guda goma rana ɗaya, cikin mako zai fara tsamo gawa da cokali, alhali ruwan yana nan fes kamar na gora. Amoniya ba ta da launi.

Ka koma Farawa sura 1 da wannan a zuciyarka. An raba ruwa da sandararriyar ƙasa, aka fid da tsiro a rana ta uku, aka sa haskokin sama a ta huɗu, sai a rana ta biyar aka kawo kifi. Mai iko duka, wanda ba wanda zai tuhume shi, bai kawo mai rai ba sai da ya gama shirya masa wuri. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na kawo ka gaban gilashin nan. A gidaje da yawa na masu bi a Romi da Sabon Tasha da Television da Gonin Gora akwai yarinya da aka ɗauko daga ƙauye. Wata 'yar ƙanwar uwar gida ce, wata marainiya ce, wata iyayenta sun gudu daga gonarsu saboda hare-hare. An je gida Kirsimati, aka dawo da ita a bayan mota tare da buhun doya. Akwai kuma yaron shago, da ɗan koyon walda ko ɗinki da yake kwana a wurin aiki. Ba ta san hanyar tasha ba, ba ta da waya, ba ta da kuɗin mota. Abincinta, barcinta, makarantarta, ranar da za ta ga uwarta, duk a bakinka suke. Kafin ta iso, an yi maganar inda za ta kwanta? An nemi makarantar da za ta shiga? Ko dai an ga aiki ya yi yawa ne kawai, aka ce a kawo yarinya, sauran sai a gani?

Na san amsar da take zuwa bakin mutum, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce: a ƙauyensu sau ɗaya take ci, a nan sau uku, can ba wuta ba famfo, ai taimakonta na yi. Sau da yawa gaskiya ne. Riƙon ɗan ɗan'uwa tsohuwar al'adarmu ce mai kyau, kuma akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da fastoci a cikinmu da ta haka suka yi karatu. Kifin da ke akwati mai kyau shi ma ya tsira daga koma da tsuntsu da ƙafewar rani. Amma ka lura da abin da wannan hujja take yi. Tana auna ka da yunwar da ka ɗauko yarinyar daga ciki, ma'aunin da kusan kowa zai ci. Ranar da ka fitar da kifi daga kogi, duk abin da kogi yake yi masa kyauta ya dawo kanka: iska, abinci, kwashe ƙazanta, wurin ɓuya. Ranar da ka ɗauko yarinya daga gaban uwarta, wanda zai lura ta yi shiru, wanda zai taɓa goshinta da dare, wanda za ta kai wa ƙara, duk kai ne. Alherin da ka yi bai rage hakkin ba, shi ne ma ya ɗora maka shi.

Masu kiwon tarwada a tankin tamfol a bayan gida, kuma suna da yawa a unguwarmu, sun san wani abu da ya kamata ya tsorata mu. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, saboda haka takan rayu a ruwan da zai kashe wasu kifaye tuntuni. Ruwa ya yi wari, tana nan tana motsi. Mai ita sai ya ce ai lafiyarta ƙalau. Akwai yara masu irin wannan ƙarfin rai. Su tashi ƙarfe huɗu, su kwanta sha ɗaya, su ci ƙanzo a tsaye a kicin, ran Lahadi su goya jariri zuwa sujada suna murmushi. Juriyarsu shaida ce a kan yadda Allah ya yi su. Ba ta ce kome a kan adalcinka ba.

Kalmar Ibrananci da aka fassara da mulki a Farawa ita ce rada. Ta sake fitowa a Littafin Firistoci 25:43, kuma a kan wa? A kan ɗan'uwan da talauci ya sa ya shigo gidanka yana yi maka aiki. A can an hana a mulke shi da tsanani, aka kuma ɗaura hanin da tsoron Allah. Ta fito a Ezekiyel 34:4, inda ake tuhumar makiyayan da ba su kula da marar lafiya ba, ba su nemi ɓatacce ba, suka yi mulki da ƙarfi. Kalma ɗaya ce. Wadda muke ɗaga hannu muna karɓa ran Juma'a da dare, ita ce za a yi mana shari'a da ita a kan wanda ya wanke mana kwano ran Asabar da safe.

Ba mugunta kaɗai take kashewa ba. Masu kiwon kifin ado za su gaya maka cewa yawan abinci yana cikin manyan abubuwan da ke kashe shi. Kowa ya wuce sai ya barbaɗa, domin daɗin ganin kifi yana rububi. Ragowar ta nutse, ta ruɓe, ta zama guba. Haka wanda ya kai akwatin bakin taga don ya yi kyau, rana ta buga shi, gansakuka ta rufe kome. Haka mai tsabtar da ya wanke soson matata da ruwan famfo mai kilorin, ya kashe ƙwayoyin da suke riƙe da ran kifin. Dukansu suna son kifin, amma abin da suke yi domin idonsu ne. Sabon kaya na Kirsimati iri ɗaya da na 'ya'yan gida yana da kyau a hoto. Kuɗin jarrabawa ba ya fitowa a hoto.

Akwai wani tsiro da masu wannan sana'a suke ƙauna a duk duniya, kuma ɗan ƙasarmu ne. Sunansa Anubias barteri, yana fitowa a bakin rafuka masu inuwa a kudancin Nijeriya da Kamaru. An sa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo ayarin Baikie a Kogin Kwara a 1857, ya mutu a Rabba a 1859. Yana da jijiya mai kauri a kwance kamar citta. Duk wanda ya saba noma, hannunsa zai so ya binne ta, domin haka ake shuka. In ka binne ta, ruɓewa take yi. Sai dai a ɗaura ta a jikin dutse ko itace da zare, a bar ta a fili, bayan makonni saiwoyinta su kama da kansu, a kwance zaren. Yarinyar da ke gidanka ta zo da harshenta, ko Bajju ne, ko Adara, ko Gbagyi, ta zo da sunan da uwarta take kiranta da shi. Wasu gidajen sukan binne wannan duka, su canza mata suna, su yi dariyar maganarta, su hana ta zuwa gida shekara uku don wai kada ta lalace.

A nan ne kuma misalin ya ƙare, dole in faɗa. Kifi zai mutu a cikin gilashi, kuma mai kiwon kirki ba ya zuba kifin ado a Kogin Romi. Mutum kuwa an yi shi cikin siffar Allah, kuma mulkin da aka bayar a Farawa bai haɗa da ɗan adam a jerin ba. Duba da kyau, babu shi. Saboda haka riƙon da kake yi mata na ɗan lokaci ne, kuma ana auna shi da ranar fitarta: da me za ta fita? Mukan yi wa marar wayewa ba'a mu ce kifin rijiya ne, ba ma tambayar wa ya haƙa rijiyar. Ko hukuma ta yi magana a nan. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare a kan kowane yaro, ta ɗora nauyin a kan iyaye da masu riƙo. Jihar Kaduna kuma ta yi dokar kare yara a 2018. Abin kunya ne gwamnati ta riga mai bi sanin wannan.

Mai kiwon kifi da ya ƙware da asuba yake duba akwatinsa. Da rana tsiro yana ba da iskar oksijin, da dare kuwa shi ma shaƙa yake yi, don haka gab da wayewar gari iska ta fi ƙaranci, balle a zafin Maris da Afrilu, balle in an ɗauke wuta injin iska ya tsaya. A lokacin ne gaskiyar ruwa take fitowa. Yana ƙirga su ɗaya ɗaya. Yana duba wanda ya taso sama yana buɗe baki, da wanda ya maƙale a bayan dutse ya ƙi fitowa cin abinci. Ba ya jiran su gaya masa.

In ka tambayi yarinyar nan yaya take, za ta durƙusa ta ce lafiya lau, Baba, domin haka aka koya mata, kuma ba ta san abin da zai biyo bayan wata amsa ba. Sai dai ka tashi gobe kafin ita, ka ga ƙarfe nawa take tashi da abin da take kwanciya a kai. Ka karɓi littafinta na makaranta ka duba kwanan watan aikin ƙarshe da malami ya sa wa hannu. Ka roƙi wata dattijuwa a zumuntar mata ta riƙa zama da ita ba a gabanku ba, ku kuma yarda tun yanzu cewa za ku saurari abin da za ta dawo da shi. Ran Lahadi bayan sujada, ka buga wa uwarta waya, ka miƙa mata, ka fita daga ɗakin.