Ruwan da Na Hana Inna

Tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu cewa Sa'adu ɗan Ubada, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya tambayi Manzon Allah (S.A.W) sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, shi kuwa ya haƙa rijiya da sunanta. To ina matsayin ɗan da tasa mahaifiyar ke raye, ta miƙo hannu tana neman ruwa a zafin Afrilu, ya ce mata a'a?

Inna ta daɗe da hawan jini. Daga baya zuciyarta ta yi rauni, ƙafafu suka kumbura har in ka danna sai yatsa ya bar rami, barci kuma sai an tara mata matasai. Bara ta fara rikicewa: ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu, ta yi La'asar raka'a biyar. Wasu suka ce gigin tsufa ne, Goggo ta ce iska ce. Gwajin jini ya nuna sodiyam, wanda a asibiti suke ce wa gishirin jiki, ya sauka zuwa 124, alhali na mai lafiya yana tsakanin 135 da 145.

Da jin gishiri ya yi ƙasa, sai aka hau shawarar a ƙara mata gishiri da Maggi, wata ma ta kawo zancen kunun kanwa. Likita ya ce kul. Gishirin na nan, ruwa ne ya yi masa yawa, kamar miyar da aka tsinka. Idan zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, jiki yakan ɗauka jininsa ne ya ragu, sai ya sa ƙoda ta riƙe ruwa, ya kuma tayar da ƙishirwa. Ƙwayar sa fitsari da take sha ita ma tana zubar da sodiyam, musamman ga tsofaffin mata. Ruwan da ya yi yawa ya ratsa ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga asalin ruɗewar. Likitan ya sauya ƙwayar, ya ce a hankali za a ɗaga sodiyam ɗin don gaggawa na iya lalata ƙwaƙwalwa, sannan abin shanta kada ya wuce lita ɗaya a yini. Koko, shayi, fura, romo, duk a cikin lissafi. Rubutun da Goggo ta karɓo da Zamzam ɗin da maƙwabta suka aiko, su ma a ciki, domin albarkarsu ba ta hana su zama ruwa.

Kowa ya san Suratul Isra'i ta hana ko da tsaki ga iyaye. Ga ni kuwa ina ɗauke wa Inna moɗa. Wata rana ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni da na shayar da kai?" Goggo ta ƙara da cewa, "Ka ji tsoron Allah, wanda ya shayar da kare ma an gafarta masa." Ban ga laifin Goggo ba, abin da ta faɗa ya inganta, kuma tausayi ne ke sa ta faki idona ta miƙa kofi.

Abin da ya kwantar mini da rai hadisai biyu ne da ba a cika jin su a wa'azi ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Allah yana tsare bawan da Yake so daga duniya yadda mutum ke tsare majinyacinsa daga ruwa. Ashe hana marar lafiya ruwa sananne ne a zamanin, har aka buga misalin ƙauna da shi. Na biyu, a gidan Ummul Munzir, Manzon Allah ya tsayar da Sayyidina Aliyu daga cin dabino saboda bai gama farfaɗowa daga ciwo ba. Da aka kawo dafaffen sha'ir da ganye, ya nuna masa wannan ya fi dacewa da shi. Hanin bai tsaya a hani ba, an kawo madadi. Mu ma sai muka koma ƙanƙara tana tsotsa, da yankan lemun tsami, da jiƙa leɓe da auduga.

Sai dai waɗannan hadisai ba su ba ni sarauta a kanta ba. Ikon da na riƙe aro ne, na lokacin da hankalinta ya gushe. Da sodiyam ya hau ta dawo daidai, na zauna na yi mata bayanin likita tiryan-tiryan, ban ɓoye komai ba, na kawo gora mai lita ɗaya na ajiye a gefen gadonta. Tsohuwar da ta san abin da ruwa zai yi mata, ta kuma zaɓa, ba yarinya ba ce. Ranar da ta wuce gorar nakan ce, "Inna, yau an zarce," ranar asibiti kuma in gaya wa likita a gabanta, ta harare ni, mu dawo gida a Keke Napep ɗaya.