Tsayin Mota da Haƙƙin Wanda Ke Cikinta

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar ƙananan motoci waɗanda ake naɗe rumfarsu a sha iska. Da yawansu ba su gamsuwa da yadda kamfani ya ƙera motar, sai sun sa an sauke gabanta ƙasa. Bakanike yakan cire sifirin ƙafafun gaba ya sa gajeru masu tauri. Nauyi ya kusanci ƙasa, mota ta rage karkata a kwana, ga kyan gani. Amma tukunyar man injin ta matso kusa da kwalta, kuma da yake babu rufin ƙarfe da zai ɗaure jikin motar, kowane rami sai ya girgiza ta har sitiyari.

Mu a Agadas wannan labari dariya yake ba mu. Wa zai bi hanyar Tawa zuwa Arlit da mota mai jan ciki? Aikin garejinmu kishiyar wannan ne: a ƙara wa Hilux faifan sifirin a baya, don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ta tsallake Tenere zuwa Dirku. Mukan kira na farko almubazzaranci, na biyu kuwa neman halal. Na daɗe ina ganin haka, amma yanzu zuciyata ta ƙi kwanciya da wannan hukunci.

Tambayar da ta kamata malami ya jefa wa ɗalibansa ita ce: in gyaran ya ci amana, wa zai biya? Mai sauke gaban motarsa don ado, galibi aljihunsa da ƙashin bayansa ne ke biya, ko da yake fitilar da ba a sake daidaita ta ba takan cuci wasu. Wautarsa kusan tasa ce shi kaɗai. Mai ƙarfafa bayan Hilux kuwa mutum 20 ko fiye yake jerawa a kai, ƙafafu na lilo a waje, kowa ya rungume sanda kada ya faɗo. An ƙara wa sifirin ƙarfi, ba a ƙara wa birki ba, ba a ƙara wa tayoyi ba, nauyi kuma ya hau sama inda yake saurin kifar da mota a gefen tudun rairayi. Lalacewar mota a sahara ba jinkiri ba ce kawai. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92, mafi yawa mata da yara, a arewa da Arlit, bayan motocinsu sun mutu a hanya.

Ba ina zargin direba ba ne. Sana'a ce da ta ciyar da gidaje masu yawa bayan yawon buɗe ido ya durƙushe, kuma dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure ta tura direbobi hanyoyin da babu rijiya, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Sai dai larura tana sassauta laifi ne, ba ta mai da kasadar da aka ɗora wa wani ta zama yardarsa. Kalmar "motata ce" tana da ƙarfi a bakin mai tafiya shi kaɗai. Fasinjan da ya zo daga Kano ko Banjul kuɗin mota kawai ake gaya masa a tasha. Bai ga abin da aka yi wa ƙarƙashinta ba, kuma ko ya leƙa ba zai gane ba.