Haƙƙin Jiki a Kan Mai Shi: Zaluncin Yunwatar da Kai da Hanyar Mayar da Haƙƙin

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyarwa, Mai shayarwa, Mai warkarwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, ƙasar Damagaram ta san yunwa sanin da ba a littafi ta karanta ba. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun sha El Buhari a 1984 zuwa 1985, mu kuma mun ga 2005 da idanunmu, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. Waccan yunwa jarrabawa ce da ta sauko wa bayi ba da zaɓinsu ba. Amma akwai wata yunwar da mutum ke ɗora wa kansa alhali rumbu yana da hatsi. Salula ta kawo wa ƴaƴanmu hotunan jikin da aka ce shi ne kyakkyawa, kuma abin da ya isa birnin Zinder ba ya daɗewa bai iso Dakusa ba. Sai ka ga budurwa ƴar shekara 15 ta ƙaurace wa tuwon dare, tana wuni a kan ruwan shayi, tana neman maganin rage ƙiba a kasuwa, kamar yadda wata ƙawarta ke haɗiyar ƙwayoyi don ta kumbura. Tambayarmu a nan ita ce: shin jikin mutum mallakarsa ne da zai yi yadda ya so da shi? In kuwa ya zalunce shi tun yana yaro, ta wace hanya zai biya?

Jiki amana ne

Malamai irin su Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Yunwatar da jiki mai girma yana taɓa uku daga cikinsu kai tsaye. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta haɗa umurnin ci da sha da hanin wuce iyaka a wuri guda, don haka mai ɗura wa cikinsa da mai hana shi duk sun bar tsakiyar hanya. A cikin Sahihul Bukhari akwai ƙissar Salmanul Farisi da ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare, ya ƙi cin abincin da aka kawo masa har sai da mai gidan ya ci tare da shi, ya kuma tuna masa cewa ransa yana da haƙƙi a kansa. Da labarin ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya gaskata Salmanu. Haka nan ya hana sahabbansa haɗa azumin kwana da kwana ba tare da buɗa-baki ba, ya kuma mayar da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi daga azumin kullum. Abdullahi da ya tsufa ya yi fatan da ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa.

Wani zai ce, ai salihan bayi sun yabi yunwa. Gaskiya ne, sun yabe ta a matsayin linzamin sha'awa ga baligi mai lafiya, domin neman yardar Allah, kuma da iyakar da ba ta hana shi ibada da neman halali. To, idan aka hana sahabi ya wuce iyaka a yunwar da yake nufin Allah da ita, ina ga yarinyar da take yi domin idon mutane?

Abin da yunwa ke yi wa wutar jiki

Jiki yana da wata wuta da ke ƙona abinci ta mayar da shi ƙarfi, kuma mafi yawan wannan ƙarfi yana tafiya ne wajen bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙwaƙwalwa, ko da mutum yana barci. Idan abinci ya yi ƙaranci, jiki yakan yi abin da mace mai tattali ke yi in itace ya ƙare: ya rufe garwashi da toka. A jami'ar Minesota ta Amurka, a 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya rage wa samari 36 da suka ba da kansu abinci zuwa kusan rabi har mako 24. Sun zubar da kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsu, ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a hutu ya ragu da kusan kashi 40. Suka zama masu jin sanyi, masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci.

Waɗannan fa manya ne da suka gama girma. Matashi kuwa a shekarunsa na balaga yake tara kusan rabin nauyin da zai rayu da shi da babban rabo na ƙarfin ƙashinsa. Ga ƴa mace, al'ada takan ɗauke, ƙashi ya raunana, jini ya ragu. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kusan kashi 46 cikin 100 na matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Yarinyar da ta shiga ɗakin miji da irin wannan jiki, ita da abin da za ta haifa ne za su biya.

Tuba tana tare da mayar da haƙƙi

Sharuɗɗan tuba sanannu ne: barin laifi, nadama, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Rahamar Allah ita ce wutar nan ba ta mutuwa. Da samarin Minesota suka koma cin abinci isasshe, ta sake kamawa, sai dai an ɗauki watanni, kuma kitse ya riga tsoka dawowa. Wannan shi ne matakin da ke tsorata masu murmurewa, su ga jiki ya cika, yunwa ta yi musu yawa, sai su koma hana kansu. Jiki bashinsa yake karɓa, kuma yakan daidaita in aka yi masa haƙuri.

Sai dai ba a jibga gungume a kan garwashi, da kara ake farawa. Iyayen da suka yi jinya a cibiyoyin tamowa sun ga cewa madarar F-75 mai sauƙi ake fara bai wa yaro kaɗan-kaɗan, kafin a kai ga F-100 ko tuwon gyaɗar nan na Plumpy'Nut. Dalili shi ne, in abinci ya shiga jikin da ya daɗe da yunwa farat ɗaya, wasu gishirin jini sukan faɗi ƙasa har zuciya ta iya tsayawa. Saboda haka duk wadda ta rame ƙwarai, ko take suma, ko al'adarta ta ɗauke watanni, a kai ta asibiti tukuna. Wani lokaci abin ya riga ya zama ciwo a cikin tunani, wanda faɗa da gori ba sa warkarwa.

Wadda abin bai kai haka ba, ta koma cin abinci sau uku a lokutansa, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Abin da take bukata yana cikin gonakinmu da kasuwanninmu: fura da nono, tuwon gero da miyar kuka, wake, ƙuli-ƙuli, zogale, ƙwai, hanta, har da fara a lokacinta. Ta bar shayin rage ƙiba da maganin zawo, ta bar auna kanta kullum, ta sami barci. Ta dakatar da azumin nafila har ƙarfinta ya dawo. Game da Ramadan kuwa, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa marar lafiya yana da izinin sha ya rama daga baya, kuma shan yana zama wajibi in ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani. A tambayi likita amintacce da malami.

Nauyin da ke kan iyaye da maƙwabta

Ya ku iyaye, ku lura da akushin ƴaƴanku kamar yadda kuke lura da sallarsu. Uwa ta san wadda ke tsame hannu da wuri. Kuma mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu, domin sau da yawa kalmar zolaya guda daga gwaggo ko ɗan'uwa, a kan ƙiba ko a kan rama, ita ce mafarin wannan wahala, alhali Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi. Wadda ta riga ta cuci jikinta kuma, kada ta yanke ƙauna. Ta ci da niyyar mayar da amana, lomarta za ta zama ibada. Sannu-sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a cikin rumbunanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.