Motsa Jiki Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Nasiha Ga Al'ummar Kudancin Kaduna

Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. Sashen da abin ya shafa sai ya daina aiki, hannu da ƙafar da yake sarrafawa su saki, baki ya karkace, magana ta harɗe. A Kafanchan da Zonkwa da Zangon Kataf da ƙauyukan kewaye, sau da yawa akan ce jifa ne ko bugun iska. Wannan zato yana cinye lokacin zuwa asibiti, yana kuma rufe ainihin abin da ya kayar da mutum, wanda yake nan daram a jikinsa ko bayan ya farfaɗo.

An san musabbabin. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya gwada majinyata fiye da 2,000 da sa'o'insu masu lafiya. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba, da tazara mai yawa. A bayansa akwai yawan kitse a jini, ciwon suga, teɓa, ciwon zuciya, shan taba, damuwa, yawan cin nama da gishiri, ƙarancin cin ganye, da rashin motsa jiki. Su ne dai ke lalata jijiyoyin zuciya, saboda haka wanda ya taɓa faɗuwa yana cikin haɗarin sake faɗuwa, da kuma na ciwon zuciya.

Babban kuskuren yana faruwa ne a gida, bayan sallama. A shimfiɗa wa majinyaci katifa a ƙuryar ɗaki, a riƙa ba shi abinci a baki, a hana shi ko da ɗaukar kofi, duk da sunan tausayi. Niyyar mai kyau ce, amma illarta babba ce. Fartanyar da aka jingine tsatsa take yi. Tsoka tana zubewa, gaɓoɓi su sandare, gyambon kwanciya ya ɓullo, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, majina ta taru a ƙirji. Suga da hawan jini su ƙaru. Mafi ciwo shi ne magidancin da ya saba da gona da kasuwa ya wayi gari ba ya ganin kowa sai bango, har ya fid da rai da kansa.

Motsa jiki a kai a kai yana sassauta hawan jini, yana taimaka wa jiki ya ƙona suga da kitse, yana ƙarfafa zuciya, yana kuma koya wa sauran sassan ƙwaƙwalwa su karɓi wani ɓangare na aikin da ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mai jinya ba da nan zai fara ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2021 cewa wanda zai iya ya yi aƙalla minti 10, sau huɗu a mako, daga nan a riƙa ƙarawa. Ma'aunin shi ne numfashi ya ɗan ɗaga, amma mutum yana iya magana.

Ba sai da na'ura ba. Tashi daga kujera a koma a zauna, zagaya tsakar gida da sanda, ɓarar gyaɗa ko tsintar wake da hannun da ya yi rauni, wanke fuska da sa riga da kai, daga baya takawa zuwa coci ko masallaci tare da ɗan rakiya: duk magani ne. A bar shi ya yi da kansa ko zai ɗauki lokaci.

Akwai hattara. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna matsa wa majinyaci da yawan tashi a cikin awa 24 na farko yana rage samun sauƙi, don haka likita ne zai faɗi lokacin farawa. Kada a ja hannun da ya shanye wajen ɗaga mutum, domin kafaɗa na iya gocewa. Kada a gasa shi da tafasasshen ruwa ko a yi masa tsaga. Fatar da ba ta ji sosai takan ƙone mai ita bai sani ba. A guji tsakar rana, da santsin damina a hanyoyin yankin masu duwatsu. Idan ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ɗebe shi, ko numfashi ya sarƙe, a dakata a nemi ma'aikacin lafiya. Asibitocin koyarwa na Jos da Shika da Barau Dikko a Kaduna suna da likitocin gashin ƙashi, kuma ya dace ɗan gida ya bi majinyaci ya koyi atisayen don a ci gaba a gida.

Wasu kan ce noma ya ishe su motsa jiki. Aikin gonar citta da doya da acca yana da amfani, sai dai na lokaci ne, kuma manomi ma yana samun hawan jini bai sani ba. Awo ne kawai ke nuna shi, daga 140 bisa 90 zuwa sama. Motsa jiki ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini, kuma ba a daina shanta don an ji sauƙi. Gishiri kada ya kai gram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali, har da na dunƙulen ɗanɗano. A yawaita zogale da rama da yakuwa, a bar taba, a nisanci burukutu da sauran barasa.

Nauyin bai tsaya kan iyali ba. Limamai da fastoci su faɗa a kan mumbari cewa wannan cuta ta asibiti ce. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na matasan masallatai su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini, su kuma raba ranakun raka majinyata tattaki. Dagatai da masu unguwa su san mai motar da za a kira cikin dare, domin da zarar baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci, wajibi ne a garzaya asibiti mafi kusa nan take, kamar babban asibitin Kafanchan ko na St. Louis a Zonkwa.