Shaidar Kunne da Wutar Garmaho

Dattawan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waɗanda har yanzu ke ajiye da fayafayan marigayi Mamman Shata sukan yi muhawara kan wata mas'ala: shin sauya wa garmaho na'urar ba da wuta yana ƙara wa sauti daɗi, ko kuwa wahami ne na wanda ya kashe kuɗinsa?

Mas'alar tana da asali. Garmahon da motarsa ke bin bugun wutar gari, wanda a Nijeriya 50 ne cikin daƙiƙa, ba zai riƙe juyi 33⅓ ko 45 a minti ba matuƙar janareta ne ke ba shi wuta yana hawa yana sauka, sai muryar mawaƙi ta yi ta tangaɗi, kalangu ya saɓa wa kansa. A nan gyaran wuta wajibi ne, kuma kunne adalin shaida ne.

Amma inda juyi ya daidaita, ƙugi ya kau, mutum ya ce ya ji "faɗi" da "zurfi" bayan ya sayi na'urar ba da wuta mai tsada, sai mu tuna Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tuhumi ido da kansa domin yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take. To, ina ga kunnen da ya san farashi? A sa mutumin ya juya baya, wani ya sauya na'urorin bai sani ba. In ya bambance su sau da yawa, a karɓi da'awarsa, in ya kasa, a yi watsi da ita.