Tamar da Ba a Gani Ba: Ciniki ko Tarayya?

Tama na cikin ma'adinan da ake lissafa wa Jihar Jigawa, kuma duk lokacin da maganarta ta taso, duwatsun masarautar Kazaure ake nunawa, musamman na wajen Roni. Tun da aka aza harsashin titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure ya nufi Daura, maganar ta ƙara nauyi, domin tama kaya ce mai nauyi mai arha, ba a kai ta kasuwa mai nisa a tirela a ci riba. Sai dai kafin a fasa dutse ko guda, dole a san abin da ke ƙarƙashinsa, sanin kuwa kuɗi yake ci. A nan ne tambayar da ta kamata malami da ɗan kasuwa da manomin Achilafiya ko Gwiwa su yi wa kansu take fitowa: ya halatta mutum ya zuba dukiya a kan abin da babu wanda ya gan shi? Idan ya halatta, wa zai ɗauki asara in an haƙa an tarar da wayam?

Mai cewa wannan caca ce bai yi maganar banza ba. Binciken ma'adinai aiki ne da faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa nesa ba kusa ba. Injin haƙa yana huda dutse ya zaro shi dogo kamar sandar rake, a jera a akwati, a rubuta zurfin da kowane yanki ya fito, a tsaga shi biyu, a kai rabi ɗakin gwaji a ajiye rabi don shaida. Rami ɗaya ba ya faɗin komai, sai an yi da dama. Bayan duk wannan, gwaji na iya nuna cewa ƙarfen da ke cikin dutsen bai kai ba. Tamar Itakpe a Kogi ba ta kai kashi 40 cikin 100 na ƙarfe ba, sai an niƙa an tace kafin ta yi amfani, alhali ta Simandou a Gini tana kai kashi 65. Jan dutse a gefen hanya ba ya nuna wanne daga cikin biyun aka taka. Shari'a kuwa ta hana cinikin garari: kifin da ke cikin ruwa, ɗan da ke cikin dabba, 'ya'yan itacen da ba su nuna alamar nuna ba.

Amma idan aka duba da kyau, abin da aka hana shi ne sayar da abin da ba a sani ba a kan farashi yankakke, inda ɗaya zai tashi da kuɗinsa a aljihu, ɗayan ya rungumi rashin tabbas shi kaɗai. Ba a hana mutane su haɗa hannu su nemi abin da ba su da tabbacin samu ba. Da an hana, da fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da dukiyar wasu sun rayu a kan haram, alhali fiƙihun Malikiyya ya buɗe musu babi guda, wato ƙiradi: mai dukiya ya bayar, mai ƙwarewa ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi ba. In an faɗi ba tare da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa guminsa. A caca ribar wani ita ce asarar wani. A tarayya tare ake tashi, tare ake faɗuwa, kuma in an dace an samar da abin da da babu shi. Saboda haka nake ganin kuɗin binciken tama, in za a bi gaskiya, jari ne na tarayya ya kamata ya zama. Bashi mai ruwa bai dace da shi ba ko da an ajiye haramcin riba a gefe, domin rami ba ya biyan kuɗin wata. Kasuwar duniya ma, wadda ba ruwanta da fiƙihu, nan ta tsaya: ƙananan kamfanonin bincike a Kanada da Ostireliya da sayar da hannun jari suke tara kuɗi, bankuna ba sa shigowa sai an tabbatar da abin da ke ƙasa.

Tarayya tana da sharaɗin da ba ta rayuwa sai da shi, wato abin da ɗaya ya sani ɗayan ma ya sani. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu, bayan ya yi iƙirarin gano zinariya mai ɗimbin yawa a Busang ta Indunusiya. Ashe barbaɗa zinariya ake yi a samfurin dutsen kafin a kai gwaji, dubban masu hannun jari suka tafka asara. Wannan algus ne tsagwaronsa. Namu salon ya fi shiru: mutum ya karɓi lasisin bincike daga ofishin rajistar ma'adinai a Abuja, ya jefa a durowa, bai huda ko taku ɗaya ba, yana jiran baƙon da zai sayar wa. A Afrilun 2024 ma'aikatar ma'adinai ƙarƙashin Dele Alake ta soke lasisi 924 da aka bari ba a aiki da su. Mai irin wannan lasisi kifin cikin ruwa yake tallatawa, kuma ya tare wa mai niyyar aiki hanya.

Akwai kuma abokin tarayyar da ba a cika kira wurin sa hannu ba: mai gonar da injin zai shiga. Za a ce ba shi da ta cewa, tunda sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan ƙasa. Mazhabarmu ma haka ta tafi, domin mashahurin zancen Malikiyya shi ne hukuncin ma'adinai na hannun shugaba ko da a filin wani aka same su. Amma dalilin hukuncin shi ne maslahar jama'a. Shugaba wakili ne a kan dukiyar, ba mai ita ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Bilal ɗan Harisu ma'adinan Ƙabaliyya, amma da ya ba Abyad ɗan Hammal gishirin Ma'arib aka sanar da shi girman abin da ya bayar, sai ya karɓe. Bayarwa ta halatta, kuma sanin ƙimar abin yana iya canja hukuncinta. To yaya za a ce manomin da aka miƙa wa 'yan dubbai ya dangwala hannu a takardar amincewa, bai san me aka gani a ƙarƙashin geronsa ba, ya yi ciniki ingantacce? Kamfani ya ga sakamakon gwaji, shi bai gani ba. Gonarsa ce za a keta da hanya, rijiyarsa ce ruwanta zai iya ja da baya, kuma in aikin ya watse ramukan a wurinsa za su zauna. Wanda ya ɗauki irin wannan kasada ya sa jari, ko da bai fitar da kwabo ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce ta mai kuɗi: ni na zuba miliyoyi a abin da zai iya zama ba komai, in kuka ɗora mini sharuɗɗa sai in tafi wata ƙasa. Gaskiyarsa ce ya sami kaso mafi tsoka, ƙa'idar da ta ɗaure riba da ɗaukar asara ita ce ta ba shi. Gaskiya ne kuma cewa barin gwamnati ta yi komai ita kaɗai ba mafita ba ce. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka soma ginawa da Tarayyar Sobiyet tun 1979, har yau babbar tukunyarta ba ta narka tama ba. Amma ƙa'idar da ta kare shi ita ce ta kare manomin, ba zai karɓi rabinta ya yar da rabi ba. Abin da ake nema ma ba mai yawa ba ne, kuma dokar 2007 ta riga ta tanadi yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara haƙa, wadda ake sake dubawa duk shekara 5. Giɓin shi ne tana zuwa bayan bincike ya ƙare, lokacin da aka gama raba abin da za a raba. Kamata ya yi tun ranar da za a kafa injin farko a zauna gaban hakimi da masu gonaki, a karanta sharuɗɗan da Hausa, a rubuta diyyar amfanin gona daban da kason da gari zai samu in an dace, a ambaci wanda zai cike ramuka in ba a dace ba, a kuma ajiye kwafin sakamakon gwaji a ƙaramar hukuma, inda ɗan garin da ya karanta ilimin duwatsu zai iya zuwa ya duba.